Kwana Ashirin da Biyar a Jirgin Injiniya

Litinin, 6 ga Oktoba 2014, huɗu na yamma. Castlefield, Manchester.

Na miƙa wa mai gidan da muke haya makullinsa. Shekara goma sha tara a gidan nan na Levenshulme, amma miƙa makullin bai ci minti biyu ba. Motar kaya ta wuce Birmingham tun safe. Kayan za su zauna a garejin Musbahu, mijin 'yarmu Zinatu, har flat ɗin da suka samo mana a Balsall Heath ya fito farkon wata. Mu kuwa ta ruwa za mu bi.

Injiniya, mijina, shi ne ya dage. Jirgin nan shi ya saya lokacin da council, hukumar birni, ta sallame su, shi da duk sashensu na masu duba gadoji da magudanai, shekara biyu ke nan. Mutanenmu na Longsight sun sha dariya, wai Bakano da jirgin ruwa. Ya ce shi da ruwa tun yana saurayi a madatsar Tiga, ba yau aka fara ba. Ya sa masa suna Challawa. Tsawonsa ya fi na bas, faɗinsa kuwa in na buɗe hannuwana saura kaɗan in taɓa bango biyu.

"Kwana goma, Sa'a," in ji shi. "Kafin Zinatu ta sauka mun isa."

Takardar da asibiti suka rubuta a kansa tana cikin jakata, a aljihun da nake sa fasfo. Ban nuna wa kowa ba.

Talata, 7 ga wata, bayan azahar.

Alhamdulillahi. Yana tsaye a bayan jirgi riƙe da sandar tuƙi, hula a karkace, yana gaisawa da Turawa masu yawo da karnuka. Mai tafiya a ƙasa ma yana iya wuce mu. Ya yi mini bayanin yadda aka haƙa hanyar nan da hannu, da shekarar da aka haƙa ta, bai yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Na ce a raina, wataƙila likitan nan ya yi gaggawa.

Da zai nemi cokali sai ya ce, "Miƙo mini abin nan, na juya abin nan." Gajiya ce.

Laraba, 8 ga wata.

Ruwa, gada, shanu. Ruwa, gada.

Alhamis, 9 ga wata, biyar na yamma. Middlewich.

Yau muka shiga locks na gaske. Lock ɗaki ne na ruwa mai ƙofa gaba da baya. A shiga da jirgi, a rufe, a juya wani ƙarfe a buɗe wa ruwa hanya, sai ya ɗaga ku sama kamar ana hawa bene. Shi ya koya mini wannan bara, har da zane a bayan ambulan.

Ina riƙe da igiya, ya hau da ƙarfen a hannu. Ya buɗe na sama bai rufe na ƙasa ba. Ruwa yana shigowa ta nan yana zurarewa ta can, jirgi yana dukan bango, kofuna suna faɗuwa a ciki. Shi kuwa yana tsaye yana kallon ƙarfen kamar wani ne ya ba shi ajiya.

Wata Baturiya da jirginta ke bayanmu ta rugo ta rufe. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta dubi fuskarsa, sai ta juyo ta dube ni. Ban so kallon nan ba. Na ce mata sabbi ne mu. Ta ce, "Of course, love."

Daga gobe ni zan riƙa hawa, shi ya tuƙa. Na ce masa motsa jiki nake so saboda gwiwata.

Juma'a, 10 ga wata, goma na safe.

Zinatu ta kira. Ƙafafunta sun kumbura, ta ƙosa. Sun yi hira da babanta, sannan ta ce a ba ni.

"Umma, is Abba alright? Sau biyu yana ce mini Turai."

Turai ƙanwarsa ce, ta rasu tun Zinatu tana firamare.

Na ce, "Network ne, ba ya jin ki sosai. Lafiya lau muke."

Mai ciki wata tara ba a ɗora mata kaya. Wannan ba ƙarya ba ce, tausayi ne. Haka na ce wa kaina.

Asabar, 11 ga wata, magariba ta kusa.

Lock goma sha ɗaya ni kaɗai. Shekarata hamsin da shida. Tafin hannuna ya yi ƙuruje, hijabina ya jiƙe har ƙirji. Ƙofofin nan sai na jingina bayana na tura da dukan jikina.

Abin mamaki, hannunsa bai manta ba. Yana shigar da jirgi tsakanin bango biyu ko gogawa ba ya yi.

Na ce masa mu juya. Ya yi dariya ya ce jirgi mai wannan tsawon ba ya juyawa sai a inda aka faɗaɗa ruwa domin haka, kuma mun wuce wurin tun safe. Gaskiyarsa. Kuma ko mun juya, mu koma ina? Wasu sun riga sun rataya labulensu a tagata.

Litinin, 13 ga wata, sha biyu na rana. Kusa da Rode Heath.

An rufe hanya. Ƙofar wani lock a gabanmu ta tsage, an manna takarda a jiki. Na tambayi wani ma'aikaci yaushe za a buɗe. Ya ce da can su takwas ne a wannan yankin, yanzu su uku. Ya ɗaga kafaɗa.

Mun ɗaure jirgi a jikin wata gona. Kanti mafi kusa tafiyar minti ashirin ce, kuma ba zan iya barin sa ba, ba zan iya jan sa cikin wannan ruwan saman ba.

Talata, 14 ga wata.

Ruwan sama. Taku goma sha huɗu daga gado zuwa ƙofar gaba. Na ƙirga.

Laraba, 15 ga wata, uku na rana.

Ya yi azahar sau uku. Ban hana shi ba. Wa zai hana mutum salla?

Da safe ya fito sanye da kwat da nektayi, yana neman jakar ofis. Na ce yau hutu ne. Ya ce, "Hutun me?" Na ce na ruwan sama. Ya yarda, ya zauna, ya sha shayi da nektayinsa.

Da Talata da Alhamis akwai wurin da nake kai shi a Longsight, dattawa suna zama, ana ba su shayi, ni kuma in samu awa uku in yi cefane in numfasa. A watan Yuni aka rufe. Wata yarinya ta ba ni lambar waya, na kira, aka ce an sa mu a layi. Har muka bar garin layin bai zo kanmu ba.

A masallaci ana cewa Injiniya Abdulsalam ya yi sanyi tun da ya bar aiki. Na bar su a haka. Mutumin da ake kawo wa rigimar aure da ta gado ya warware, ba zan bari a riƙa yi masa magana da ƙarfi kamar yaro ba.

Alhamis, 16 ga wata, sha ɗaya na safe.

Dole in rubuta wannan.

Wanka kawai na shiga. Minti goma. Na fito ƙofar baya a buɗe, takalmansa suna nan, shi ba ya nan.

Na fara duba ruwa. Allah ya sani ruwa na fara dubawa, gefen nan da gefen can, ina kiran sunansa na yanka, sunan da ban taɓa kira da ƙarfi ba tun da aka kai ni gidansa. Na yi gudu baya, na dawo na yi gaba, da silifas, gashina a jiƙe ƙarƙashin ɗankwali.

A wurin masu gyara na same shi. Yana tsaye da safa cikin laka, wandonsa ya jiƙe har gwiwa, yana nuna musu wani wuri a jikin bango da sanda, yana Turanci irin na ofis. Babbansu ya ce mini mijina ya nuna musu inda ruwa ke yoyo ta bayan bulo, su ba su lura ba. Sannan ya rage murya ya ce, "Ya ce mu kai masa rahoto ofishinsa a Kano."

Na yi godiya. Na riƙo hannunsa muka dawo. A hanya ya ce, "Yaran nan suna da ƙoƙari, horo ne ba su samu ba."

Na sa kwaɗo a ƙofofin biyu ta ciki. Makullin yana wuyana.

Juma'a, 17 ga wata, bayan la'asar.

Ya ja ƙofa, ya sake ja. Ya juyo ya dube ni da ladabi, irin ladabin da yake yi wa baƙi.

"Baiwar Allah, don Allah ki buɗe mini. Iyalina tana jirana, ba ta cin abinci sai na koma."

Na ce, "Ta aiko a ce ka jira ta a nan, tana tafe."

"Kin san ta?"

"Na san ta."

"To ai kin san ba ta son jira."

Ya zauna a bakin gado ya ɗora hula a gwiwa. Na shiga banɗaki na kunna famfo. Ruwan tanki ma ya kusa ƙarewa, ban daɗe ba na kashe.

Asabar, 18 ga wata, tara na safe.

Na kira Celestina.

Asabar, shida na yamma.

Ta zo. Jirgin ƙasa, bas, sannan ta tako cikin laka da ledoji biyu: burodi, madara, attaruhu, naman kaza daga shagon Stockport Road da ta san muna saye. Celestina 'yar Kafanchan ce, maƙwabciyata ta shekara goma sha biyu, aikinta kula da tsofaffi gida-gida. Ta gaishe shi, "Ranka ya daɗe, Injiniya." Ya amsa da fara'a, bai san ta ba, ta yi kamar ba ta gani ba.

Da ya kwanta rana muka zauna a gaban jirgi, gwiwa tana taɓa gwiwa. Na ciro takardar na ba ta. Ta karanta ta ninke.

"Tun bara na sani, Hajiya. Jira nake ki faɗa."

Na ce kada ta gaya wa kowa.

"Ni ba zan faɗa ba. Amma ke kin ga fuskarki kuwa? In kika faɗi cikin lock ɗin nan, wa zai gaya masa sunansa? Zinatu ba yarinya ba ce. Kina ɓoye mata ubanta ne, kwanakin da ya rage yana gane ta kina cinye mata su."

Na ji haushi ƙwarai. Na tashi na dafa mata shinkafa.

Litinin, 20 ga wata, biyar na yamma. Kidsgrove.

An buɗe hanya. Ni da Celestina muka yi sauran locks ɗin, tana waƙoƙin cocinsu tana tura ƙofa, ina ce mata ta rage murya shanu suna kallon mu. Na yi dariya yau, har na ji baƙon abu a ƙirjina.

Ta tafi, gobe tana da mutum tara da za ta zagaya, minti goma sha biyar kowanne. A bakin gada ta ce, "Ki kira yarinyar nan." Na ce to.

Talata, 21 ga wata.

Iska kamar za ta ɗauke rufin. Ban kira ba.

Laraba, 22 ga wata, biyu na rana.

Mun ratsa ƙarƙashin tudun Harecastle.

Rami ne da aka haƙa wa ruwa, tafiyar minti arba'in cikin duhu. Ruwan bakinsa ja ne kamar an zuba manja. Akwai mai gadi da yake duba fitila da oda kafin ya bari a shiga. Ya tambayi Injiniya mu nawa ne a ciki. Injiniya ya ce shida. Ya tambaye shi me zai yi in inji ya mutu a tsakiya. Injiniya ya dube ni.

Na ji bakina yana cewa, "Ni zan tuƙa."

Ban taɓa tuƙi fiye da minti biyar ba. Sandar nan in ka tura ta dama jirgi hagu yake yi. Mai gadin ya maimaita mini komai sau biyu, ya ce in sunkuya a tsakiya domin rufin yana saukowa, kuma kada in nemi haske a gaba, ƙofar can a rufe take sai mun kusa.

Na zaunar da shi a matakala kusa da ƙafata, na ɗaure gefen rigarsa a igiyar zanena. Muka shiga. Sanyi, ƙarar inji tana dawowa daga bango, ruwa yana ɗiga a wuyana. Na daki bango na hagu, na gyara, na daki na dama. Ya fara cewa a fitar da shi, yana ƙoƙarin miƙewa, rufi kuma ya sauko har sai da na durƙusa. Na danne kafaɗarsa da hannu ɗaya ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Sai na ji hannunsa a kan nawa, a jikin sandar.

"Kada ki yi faɗa da shi, Sa'a. Kaɗan-kaɗan. Ƙara wuta, jirgi ba ya jin magana in yana tafiya a hankali."

Sa'a ya ce. Kwana biyar ke nan bai kira ni ba.

Na ƙara wuta. Ba mu sake taɓa bango ba har aka buɗe ƙofa, haske ya shigo. Da muka fito ya tambaye ni ko an yi azahar.

Alhamis, 23 ga wata, bakwai na safe. Stone.

Musbahu ya kira. Ta sauka da asuba, mace, lafiya lau su biyun. Alhamdulillahi, alhamdulillahi.

'Yata ta haihu ina nesa da ita tafiyar awa ɗaya a mota, ina gadin ƙofa.

Alhamis, huɗu na yamma.

Zinatu da kanta ta kira.

"Umma, ku bar jirgin nan ku hau train. One hour ne fa. Kowa mamarsa tana nan, ni ce kawai..."

Na gwada. Na sa masa riga, na kai shi har bakin titi. Da ya ga motoci sai ya ƙanƙame ƙarfen gada, ya ce ba zai bar jirginsa a hannun ɓarayi ba, yana ɗaga murya, mutane suna waiwaye. A cikin jirgin nan ya san inda kofinsa yake, ya san inda alƙibla take in na nuna masa sau ɗaya. A waje bai san komai ba.

Na ce mata inji ne ya sami matsala. Ta kashe waya ba sallama.

Juma'a, 24 ga wata, goma na safe.

Na gaya mata.

Ban tsara ba. Na kira in tambayi ko nono ya zo, ta amsa a daƙile, sai na ce, "Zinatu, inji lafiyarsa ƙalau. Abbanki ne." Na karanta mata takardar daga sama har ƙasa, da ranar da aka rubuta ta, watan Maris.

Ina jin jaririyar tana ƙananan kuka.

"March, Umma? Wata bakwai?"

"Kina da ciki."

"Ubana ne." Ta yi kuka, na yi. Sannan ta ce, "Kin ci abinci yau?" Na ce zan ci. Ta ce in ba Musbahu sunan gadar da muke kusa da ita.

Ba ta ce ta yafe ba. Ban tambaya ba.

Asabar, 25 ga wata.

Musbahu ya zo da jakar baya da takalman roba sababbi fil. Akanta ne, bai taɓa riƙe igiyar jirgi ba. Ya durƙusa ya gaida surukinsa. Injiniya ya ɗauke shi sabon ma'aikaci, yana ta ba shi umarni, shi kuma yana cewa, "To, Abba."

Na yi barcin rana awa uku.

Talata, 28 ga wata, bayan la'asar. Wolverhampton.

Lock ashirin da ɗaya a jere. Da safe na leƙa na ga mutum biyar a bakin ruwa, abokan Musbahu na masallacin Balsall Heath, likita ɗaya, sauran ɗalibai. Na ja shi gefe na ce wa ya ce ya tara mini jama'a. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma, Zinatu ce. Ta ce in gaya musu gaskiya."

Na tsaya a ciki ina leƙe ta taga, ina jiran in ga wanda zai yi wa Injiniya magana kamar yaro. Ba wanda ya yi. Suna gudu daga ƙofa zuwa ƙofa, yana tuƙi yana yi musu tsawa, "Kai mai jar hula, rufe na ƙasa tukuna!" Ya tambayi likitan sunan garinsu sau huɗu, sau huɗu yana cewa Gumel.

Na cire makullin daga wuyana domin in yi alwala, sai da yamma na tuna ban mayar ba.

Alhamis, 30 ga wata, biyar na yamma. Balsall Heath.

Jiya muka ɗaure Challawa a tsakiyar Birmingham. Yau suna. Musbahu ya ce wa Injiniya za a je duba wani aiki ne, ya shiga mota ba gardama.

An sa mata Safiyatu. Gidan ya cika, takalma har kan matakala. Zinatu ta rame. Ta rungume ni, ta daɗe ba ta sake ni ba. Sannan ta ɗauki jaririyar ta je ta durƙusa gaban babanta, ta sa masa ita a hannu. Na miƙe zan tare, ta girgiza mini kai.

Ya riƙe ta daidai, tafinsa a ƙarƙashin kanta. Ya yi mata addu'a doguwa, babu inda ya tsaya, maza suna amin daga falo. Da ya shafa sai ya ce, "Masha Allah. 'Yar wa ce?"

"Jikarka ce, Abba. 'Yata ce."

"Kai! Alhamdulillahi!" Fuskarsa ta washe har idonsa ya kawo ruwa.

Bayan ɗan lokaci ya sake tambaya, ta sake faɗa, ya sake yin murna sabuwa fil kamar yanzu aka yi masa albishir. Wata mata ta miƙo mini faranti, tuwon shinkafa da miyar taushe. Ina kai loma ta farko ya juyo wajena.

"Baiwar Allah, wannan 'yar wa ce?"

Na buɗe baki, amma Zinatu ta riga ni. Na bar ta ta amsa, na ci tuwona da zafinsa.